Kurakuran da Ke Kashe Ciniki a Soshiyal Midiya da Yadda Ake Gyara Su Mataki-Mataki

Wata mai sayar da jakunkunan mata ta taɓa miƙo mini wayarta ta ce in duba mata shafinta, don ita ta rasa gane inda matsalar take. Mabiya ga su nan birjik, hotuna masu kyau, kullum tana ɗorawa, amma ciniki shiru. Ban fara da hotunan ba, akwatin saƙonni na buɗe. Saƙon farko da idona ya sauka a kai na wata mata ne: "Sallama, baƙar jakar nan tana nan? Nawa ce?" Ya kwana uku ba wanda ya buɗe shi. A ƙarƙashinsa akwai wasu irinsa, wasu an amsa musu da "duba shafinmu", wasu ko kallo ba su samu ba. Ta zo neman dabarar ƙara mabiya, alhali masu kuɗi a hannu suna tsaye a bakin ƙofarta har su gaji su wuce.

Abin ya daɗe yana damuna, domin na sha ganin irinsa. Yawancin 'yan kasuwa sun ɗauka rashin gani ne ke hana su ciniki, sai su zuba kuɗi da lokaci wajen neman idanu. Amma tsakanin mutum ya ga haja da ya biya kuɗinta akwai 'yar tafiya, kuma a cikin wannan tafiyar ce masu saye suke zubewa. Shi ya sa na jera matakan nan yadda ya kamata a bi su. Kada ka tsallaka zuwa maganar biyan kuɗin talla ba ka gyara na gabanta ba, don tulun da ke yoyo ba ƙarin ruwa yake buƙata ba.

Mataki na farko: san abin da kake nema, da wanda kake nema

Tambayi mai shafi me yake so shafin ya yi masa, sai ya ce "a san ni". A san ka a yi me? Wannan amsar ce uwar sauran kurakuran, domin wanda bai san abin da yake nema ba, duk abin da ya samu sai ya ɗauka nasara ce.

Ɗauki takarda ka rubuta buri guda ɗaya na wata uku masu zuwa, wanda za a iya ƙirgawa. Misali: masu tambayar farashi su kai ashirin a mako, ko tsofaffin kwastomomi goma su dawo su sake saye kowane wata. Guda ɗaya na ce. In ka rubuta biyar, babu wanda za ka bi har ƙarshe.

Sannan ka rubuta wanda kake sayar wa. "Kowa da kowa" ba amsa ba ce. Mai gyaran waya da ke yi wa ɗalibai aiki da wanda ke yi wa ma'aikatan ofis, sana'arsu ɗaya amma maganarsu ba ɗaya ba ce: ɗalibi sauƙin kuɗi yake so ya ji, ma'aikaci kuma so yake a tabbatar masa zai karɓi wayarsa yau kuma ba za a taɓa bayanan da ke cikinta ba. Hanya mafi sauƙi ta gano naka ita ce ka tuna mutum goma na ƙarshe da suka saya a wurinka. Su wane ne? Me suka tambaya kafin su biya? Me ya sa suka yi jinkiri? Amsoshin nan su ne abin da za ka riƙa wallafawa, kuma za mu dawo kansu.

Mataki na biyu: rage kafafen da kake kai

Facebook, Instagram, TikTok, X, YouTube, WhatsApp, ga mutum ɗaya yana son riƙe su duka. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle shida. Abin da ke biyo baya shi ne shafuka huɗu da aka yi wata bakwai ba a taka ba, kuma mai saye in ya tarar da shafi haka, ɗauka yake an rufe kasuwancin.

Zaɓi kafa ɗaya inda masu sayenka suke yini, ka haɗa da hanya ɗaya ta yin magana da su kai-tsaye. Hajar da ido ke saye, kamar tufafi da kayan ɗaki, ta fi dacewa da inda hoto da gajeren bidiyo ke mulki. Aikin da ke buƙatar dogon bayani ya fi dacewa da YouTube ko Facebook. Sauran shafukan, ka bar a kansu bayanin inda za a same ka, ka ƙyale su sai ka samu hannu.

Mataki na uku: share hanya daga gani zuwa biya

Nan ne nake so ka fi daɗewa. Ka ari wayar wani wanda ba ya bin shafinka, ka nemo shafin kamar baƙo, ka gwada saye. Ka ƙirga dannawa nawa ka yi da tambaya nawa ta taso maka kafin ka san abu huɗu: me ake sayarwa, nawa ne, ta yaya zai iso gare ka, ta yaya za ka biya. Yawancin masu shafi ba su taɓa yin wannan ba, kuma ranar da suka yi sukan sha mamaki.

Fara da bayanin da ke saman shafi. Da yawa sukan cika shi da kirari: "inganci shi ne takenmu", "gamsuwarku ce burinmu". Baƙo bai ƙaru da komai ba. Rubuta abin da kake sayarwa, yankin da kake iya kai kaya, lokutan da kake amsa saƙo, da mahaɗi ɗaya mai aiki. Ka danna mahaɗin da kanka, domin na ga shafukan da suka yi watanni suna tura mutane zuwa lambar da mai shafin ya daina amfani da ita.

Sai maganar farashi. Wannan al'adar ta rubuta "a zo inbos a ji farashi" tana kashe ciniki fiye da yadda masu yin ta suke zato. Na san dalilansu: tsoron abokan hamayya su gani, ko son a fara hira kafin a faɗi kuɗi. To amma abokin hamayyarka in yana son sanin farashinka, saƙo ɗaya zai turo ya ji. Wanda ka kora shi ne mai kunyar tambaya, da mai sauri, da mai zargin cewa kowa da irin farashin da kake yanka masa. Kuma ka jawo wa kanka amsa tambaya ɗaya sau ɗari ga mutanen da da sun ga kuɗin tun farko ba za su ɓata maka lokaci ba. In aikinka irin wanda kuɗinsa ke bin girman aiki ne, kamar ɗinki ko haɗa kujeru, rubuta inda farashi yake farawa da abin da ke sa ya ƙaru.

In WhatsApp ne ƙofar cinikinka, koma manhajar WhatsApp Business, wadda aka fitar a Janairun 2018, kuma kyauta ce. Abu huɗu za ka saita a zama ɗaya. Kundin kaya, inda kowace haja ke da hotonta da farashinta da bayaninta, don ka daina tura hotuna talatin ga kowane mai tambaya. Saƙon maraba, da saƙon da ke fita in ba ka kusa, wanda zai faɗa wa mutum lokacin da zai ji daga gare ka. Amsoshin da aka tanada, waɗanda kake kirawo su da alamar / don tambayoyin da ake maimaitawa, kamar yadda ake biya da kwanakin da kaya ke yi a hanya. Sai alamomin da kake liƙa wa kowace hira: sabon mai tambaya, yana jiran biya, ya biya, an tura kaya. Wannan na ƙarshen shi ne zai hana ka manta wanda ya ce "zan turo kuɗin gobe".

Mataki na huɗu: gyara abin da kake ɗorawa

Duba abubuwa goma sha biyu na ƙarshe da ka wallafa. In dukkansu "ga kaya, ku zo ku saya" ne, to shafinka ya zama allon talla, kuma ba wanda ke buɗe waya don ya kalli allon talla. Kafafen ma ba sa taimakon irin wannan. A Janairun 2018 Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya fito ya ce Facebook zai riƙa fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka wallafa a kan na shafukan kasuwanci da kafafen labarai. Ma'anar wannan a aikace ita ce, bin shafinka da mutum ya yi ba ya nufin zai ga abin da ka ɗora. Tsarin yakan lura da yadda waɗanda suka fara gani suka karɓe shi. In sun tsaya, sun kalla, sun tura wa wasu, sai ya ƙara yaɗa shi. In sun wuce, a nan ya tsaya.

To me ke tsayar da mutum? Koma kan tambayoyin masu sayenka da ka rubuta a matakin farko. Kowace tambaya abin wallafawa ce. Mai sayar da takalma da ake yawan tambayarsa "in ya yi mini kaɗan fa?", ya yi bidiyon daƙiƙa talatin yana nuna yadda mutum zai taka farar takarda, ya zana kewayen ƙafarsa, ya auna tsawonta kafin ya yi oda. Mai sayar da kayan lantarki ya nuna yadda ake bambance caja ta ƙwarai da ta jabu. Irin wannan mutane ke ajiyewa su tura wa wasu, kuma ranar da suka tashi saye, wanda ya koya musu suke tunawa. Nuna hannunka a kan aiki, nuna yadda ake naɗe kaya, nuna kwastoman da ya gamsu in ya yarda a nuna shi. Ka ci gaba da tallan kai-tsaye, amma ya zama ɗaya ne daga cikin abubuwan da ke shafin.

Kuskuren da ba na yi wa uzuri shi ne ɗora hoton da ba na kayanka ba, ko wanda aka gyara har launinsa ya sauya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Za ka sayar sau ɗaya, sannan mai sayen ya ɗauki hoton abin da ya iso masa ya jera da naka ya wallafa. Hasken rana kusa da taga da bango mai tsafta sun ishe ka ɗaukar hoto na gaskiya mai kyau.

Wasu ƙananan abubuwa da ke zubar da aiki. Bidiyon Reels da TikTok da Status a tsaye ake ɗaukarsa, ya cika fuskar waya. Kada ka buɗe da tambarin kamfani yana juyawa ko doguwar gaisuwa, fara da abin da mutum zai gani ya tsaya, don yatsa ba ya jira. Sa rubutu a kan bidiyon saboda masu kallo ba tare da sauti ba. Ka kula da kiɗan da kake ɗorawa: ba kowace waƙa ce shafin kasuwanci yake da izinin amfani da ita ba, shi ya sa TikTok ya ware rumbun kiɗan da aka yarda a yi kasuwanci da shi, Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ma yana da nasa. In ka saɓa, ana iya kashe sautin bidiyon ko a sauke shi. Sannan ka bar roƙon "danna layik in ka yarda, ambaci mutum biyar". Tun Disambar 2017 Facebook ya sanar cewa yana rage yaɗuwar irin waɗannan.

Game da yawan ɗorawa, zaɓi abin da za ka iya riƙewa. Sau uku a mako na tsawon shekara ya fi sau biyar a rana na mako biyu sannan a ji ka tsit. Ware rana guda ka shirya na mako gaba ɗaya, ka tsara lokutan fitarsu a Meta Business Suite, manhajar kula da shafukan kasuwanci na Facebook da Instagram.

Mataki na biyar: amsa, musamman ga mai fushi

Mai tambayar farashi yawanci ba kai kaɗai ya tambaya ba. Ya tura wa mutum uku, kuma wanda ya fara ba shi cikakkiyar amsa shi ke da rinjaye. Sa wa kanka lokuta tabbatattu na duba saƙonni, safe da rana da yamma, har da ɓoyayyen akwatin da Instagram da Facebook ke jefa saƙonnin waɗanda ba ka bi. Nan ne sababbin kwastomomi suke, kuma nan ne aka fi mantawa. Ka kuma amsa cikakke. In an ce "nawa ne?", faɗi farashi, launukan da ke akwai, da yadda za a karɓa, sannan ka tambaya wanne ake so. Amsar kalma ɗaya rufe hira take yi.

Yanzu ga mai wuyar. Wani ya rubuta a ƙarƙashin hotonka, kowa na gani: "Na biya kwana goma ke nan, kaya ba su zo ba, kun daina ɗaga waya." Zuciya za ta ce ka goge, ko ka toshe shi, ko ka mayar masa da zafi. Kada ka yi ko ɗaya. In ka goge, ya riga ya ɗauki hoton allo, kuma yanzu yana da labari biyu: ba a kawo kaya ba, an kuma rufe masa baki. In ka yi faɗa da shi, ka tuna ba shi kaɗai kake amsa wa ba. Mutum ɗari da ba su ce uffan ba suna karantawa, suna auna yadda za ka yi da su ranar da tasu matsalar ta taso.

Ga yadda za ka yi. Ka amsa a fili, a gajarce, da sunan da ya sa a shafinsa: "Ka yi haƙuri, bai kamata ka jira haka ba. Mun turo maka saƙo yanzu don mu duba odarka, yau za ka ji inda kayanka suke." Sai ka koma saƙon sirri ka warware matsalar da gaske, ba ka lallashe shi ya yi shiru ba. In an gama, ka dawo ƙarƙashin tsokacin ka rubuta cewa an daidaita. Sau da yawa shi da kansa zai rubuta hakan. In laifinka ne, ka amsa shi ba tare da kwana-kwana ba. In ba naka ba ne, ka faɗi abin da ya faru cikin ladabi ka tsaya a nan. Abin da ake gogewa shi ne zagi tsagwaronsa, da batsa, da 'yan damfarar da ke liƙa lambobinsu a ƙarƙashin hotunanka suna cewa su ne wakilanka. Waɗannan kam ka goge su da wuri, ka kuma riƙa tuna wa mabiyanka hanya ɗaya tak da ake biyan ka.

Mataki na shida: daina farautar yawan mabiya

Sayen mabiya taron tsintsiya ne ba shara. Ba su saye, ba su kallo, kuma suna cutar da kai, domin tsarin yana nuna abin da ka ɗora ga wasunsu, ba su motsa ba, sai ya yanke hukuncin cewa abin bai da armashi. Instagram ya sanar tun Nuwambar 2018 cewa yana cire mabiya da layik na bogi. Mai saye mai wayo ma yana ganewa: mabiya dubu hamsin, tsokaci biyu.

Gasar rabon kyauta ma tana da irin wannan illar in kyautar ba ta da alaƙa da hajarka. Raba waya ka tara masu son waya. Raba abin da kake sayarwa, ka tara masu son abin da kake sayarwa.

Haka batun fitattun 'yan soshiyal midiya da ake biya su tallata kaya. Kafin ka biya kowa, karanta tsokacin da ake yi masa ka ga ko mutane ne na gaske, ka nemi ya nuna maka alƙaluman shafinsa: ƙasashe da garuruwan da mabiyansa suke, shekarunsu, da yawan waɗanda ke kallon abin da ya ɗora kwanan nan. Mai mabiya dubu takwas da ake jin maganarsa a kan abin da kake sayarwa ya fi maka mai miliyan da ake bi don barkwanci. Ku rubuta yarjejeniya: me zai ɗora, yaushe, kwana nawa zai bar shi. Ba shi wata kalma ta musamman da masu zuwa ta wajensa za su ambata, don ka san abin da ya kawo. Kuma ya bayyana cewa talla ne. Instagram da TikTok suna da alamar yin hakan, a ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya ma doka ce.

Mataki na bakwai: sai yanzu za ka biya kuɗin talla

Maɓallin Boost da ke ƙarƙashin abin da ka wallafa, wanda ake biyan kuɗi ta cikinsa don a yaɗa abin, an yi shi ne don kashe kuɗi ya zo da sauƙi. Ba haramun ba ne, amma mutane suna danna shi ba su duba abin da suka ce a nemo musu ba. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, tsarin tallan yana kawo maka ainihin abin da ka roƙa. In ka ce kana son hulɗa, zai nemo mutanen da suka saba danna layik a kan komai, ya tara maka su, kai kuma ka zauna kana jiran cinikin da ba ka nema ba. A Ads Manager, wurin tsara talla na Meta, manufofi shida ne: sanarwa, kai mutane wani shafi, hulɗa, tattara masu sha'awa, tallata manhaja, da sayarwa. Zaɓi wadda ta dace da burin da ka rubuta. In ta hira kake ciniki, saita tallan ya buɗe saƙo kai-tsaye zuwa WhatsApp ko Messenger, kuma ka tabbata akwai mai amsawa a lokutan da tallan ke gudana.

Iyakance yankin zuwa inda za ka iya kai kaya. Biyan kuɗi don mutumin da ba za ka iya sayar masa ba ya ga hajarka asara ce tsantsa.

Kada ka zuba kuɗinka duka a kan hoto ɗaya. Fara da kaɗan, ka gwada biyu ko uku waɗanda abu ɗaya ne kawai ya bambanta su, ko hoton ko jimlar farko. In ka sauya komai lokaci guda, ba za ka san abin da ya yi aiki ba. Wanda za ka fara gwadawa shi ne abin da ya riga ya ja hankalin mutane a shafinka ba tare da ka biya ba.

Sannan ka yi haƙuri. Sabon talla yana shiga wani zango da Meta ke kira na koyo, inda tsarin ke laluben waɗanda suka fi amsawa, kuma a ƙa'idarsu yana buƙatar sakamakon da ka roƙa, kamar saƙo ko saye, wajen 50 a cikin mako kafin ya daidaita. Duk babban gyaran da ka yi, kamar sauya hoto ko masu gani, yana mayar da shi farko. Mai taɓa tallansa kowace safiya kamar mai tone iri ne kullum ya ga ko ya tsiro. Ƙaramin ɗan kasuwa ba lalle ya kai 50 ɗin ba, amma darasin na nan: ba shi kwanaki kafin ka yanke masa hukunci, kuma kada ka yayyanka ɗan kuɗinka gida goma.

In kana son ganin abin da wasu ke yi, Meta na da rumbu a buɗe mai suna Ad Library, inda kowa zai iya rubuta sunan shafi ya ga tallan da yake gudanarwa da ranar da ya fara. Wanda ya daɗe yana gudana, akwai alamar yana biyan mai shi. Ka koyi dabarar, ka bar musu hotonsu da kalmominsu.

Mataki na takwas: ƙirga abin da ke shiga aljihu

A ce ka yi talla biyu, ka kashe musu kuɗi daidai wa daida. Na farko ya kawo saƙo 200, mutum 4 suka saya. Na biyu ya kawo saƙo 40, mutum 10 suka saya. Allon waya zai nuna maka na farko ne gwarzo, kuma da yawa shi za su ƙara wa kuɗi. Amma kowane mai saye a na farko ya ci maka ninki biyu da rabi na abin da na biyu ya ci, ban da wahalar amsa mutum 196 da ba su sayi komai ba. Lissafin da za ka riƙa yi ke nan: kuɗin da ka kashe, raba shi da yawan waɗanda suka biya, ka gwada da ribar da kake samu a kan mutum ɗaya. In abin da ka kashe ya fi ribar, kuma ba masu dawowa ba ne, tsayar da tallan.

Kada ka dogara da alƙaluman kafafen kaɗai. Tun da Apple ya fitar da iOS 14.5, wato tsarin da ke tafiyar da iPhone, a Afrilun 2021, wanda ke tambayar mai iPhone ko ya yarda manhaja ta bibiye shi, bin sawun mai saye ya ƙara wuya. Cinikin da aka ƙarasa a waya ko hannu da hannu kuwa, sau da yawa tsarin bai ma san an yi shi ba. Maganin mai sauƙi ne: tambayi duk wanda ya saya, "A ina ka gan mu?", ka rubuta a littafi. Ƙarshen wata ka zauna da littafin rabin sa'a.

Mataki na tara: riƙe makullin shafinka, ka kuma tanadi wata ƙofar

Na san wani mai kayan ɗaki da ya ba yaron shagonsa aikin buɗe masa shafi. Yaron ya buɗe da imel ɗinsa da lambarsa. Bayan shekara uku suka saɓa, yaron ya tafi, shafin ya bi shi. Ba kutse aka yi ba, a idon kamfanin shafin na yaron ne tun asali. Duba naka yau: imel ɗin wa da lambar wa ke kai? Su zama naka. Masu taya ka aiki ka ba su izini gwargwadon aikinsu ta saitin shafi, ba ka miƙa musu kalmar sirri ba, kuma ranar da mutum ya bar aiki a ranar za ka cire shi.

Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman wata lamba ta biyu kafin a shiga, a kowane shafi da kuma WhatsApp. Lambobi shida da ke shigowa wayarka, kada ka karanta wa kowa, ko ya ce daga kamfanin yake. Saƙon da ke cewa za a rufe shafinka cikin sa'o'i 24 saboda keta haƙƙin mallaka sai ka danna wani mahaɗi, tarkon masu kutse ne da ya ci shafuka da yawa. In da gaske akwai matsala, za ka gan ta a cikin saitin manhajar kanta.

Ko ka tsare komai, shafin nan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na wajen sa'o'i shida. A Yunin 2020 Indiya ta haramta TikTok, duk wanda ya gina cinikinsa a kai a ƙasar ya wayi gari ba shi da hanyar isa ga mabiyansa. Google+, kafar soshiyal midiya ta kamfanin Google, ma an rufe shi a 2019. Saboda haka duk wanda ya saya a wurinka, nemi izininsa ka ajiye sunansa da lambarsa ko imel ɗinsa da abin da ya saya, a wani wuri da ba cikin manhajar ba. Izinin nan wajibi ne: jefa mutane cikin guruf ba su sani ba, ko tura wa baƙi saƙon talla barkatai, yana sa su kai ƙararka har WhatsApp ya rufe lambar. In za ka yi amfani da jerin aika saƙo ga mutane da yawa na WhatsApp, ka sani mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Don haka da an gama ciniki, kafin ku yi sallama, ka roƙi kwastoman ya ajiye lambar, ka kuma faɗa masa sau nawa zai riƙa jin ka a wata.